Ƙasar rumfar ledata ta gaji, latas ya ƙi girma: in kwashe ta ne ko akwai gyara?

Mai Latas, bayan Kwadon:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da rumfar leda guda biyu a bayan Kwadon, kan hanyar Dadin Kowa, kowacce mita 8 a faɗi, 24 a tsawo. Latas nake yi a ciki, ina kai wa masu otal da masu girkin biki a cikin Gombe, ragowar kuma masu kayan gwari su kwashe. Lokacin da na fara, ƙasar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Daga dashe zuwa wata guda da 'yan kwanaki ganye ya rufe fangali, mai saye ya ɗaga guda ɗaya ya jinjina ya ce a cika masa kwando.

Yanzu abin ya sauya. Irin nan ne dai, ruwan bohol ɗin nan ne, tiyon ɗigo-ɗigon nan ne, amma dashe sai ya zauna wuri ɗaya. Ganyen ƙanana, masu kauri, korensu ya yi duhu, gefen ganyen ƙasa a ƙone. Da hantsi ya ɗaga sai ya yi yaushi, alhali in ka tura yatsa ƙasa a jiƙe take. Tsakanin layukan tiyo kuwa, inda ya bushe, wani farin abu ke fitowa kamar an barbaɗa kanwa. A rumfa ta biyu, wadda na taɓa yin tumatir da kokwamba a ciki, na tuge wasu na ga saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli.

Takin da nake sa wa: kamfa 15-15-15 kafin dashe, yuriya bayan sati biyu, sai kashin kaji da nake sayowa a buhu in baza. Wanda nake sayen magani a wurinsa ya ce yunwa ce, in ƙara taki in haɗa da na feshi. Na ƙara, ban ga komai ba sai kuɗina da suka tafi. Wani kuma ya ce in kwashe ƙasar gaba ɗaya in kawo sabuwa daga fadama, kuɗin tifa kaɗai ya sa na yi shiru. Masana, ku taimaka.

Tsohon Malamin Gona, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye buhun takin nan tukuna, shi ne ke kashe maka latas. Ciwo biyu ka lissafa, na fari gishiri ne ya taru.

Yawancin takin zamani gishiri ne, kashin kaji ma yana ɗauke da nasa, ruwan bohol kuma komai daɗinsa a baki akwai ɗan abin da yake bari in ya bushe. A gonar waje ruwan sama ke wanke wannan duk shekara ya kai shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Kai kuwa ka yi wa ƙasarka rufi, damina ta zo ta wuce ba ta taɓa ta ba. Tiyon ɗigo yana jiƙa gindin shuka ne kawai, ya tura gishirin zuwa gefe, zafin cikin rumfa ya jawo shi sama. Farin da kake gani tsakanin layuka ke nan. In gishiri ya yi yawa saiwa ba ta iya jan ruwa ko da tana kwance a cikinsa, shi ya sa yake yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Latas kuma ba shi da haƙuri da gishiri irin na tumatir. A awon gishirin ƙasa da ake kira EC, daga 1.3 yake fara jin jiki, kowane maki ɗaya da ya ƙaru a kai yana cin kusan kashi 13 cikin ɗari na amfanin. Tumatir sai ya kai 2.5 yake fara kuka. Saiwar latas ɗin ma ba ta wuce kamu ɗaya a ƙasa, daidai inda gishirin ke zama.

Ka tabbatar da kanka kafin ka yarda da ni. Sami gwangwani biyu, ka huda gindinsu, ɗaya ka cika da ƙasar cikin rumfa, ɗaya da ta bayan rumfa inda ruwan sama ke dukanta. Ka zuba iri daidai wa daida, ka ajiye a inuwa. Cikin sati guda za ka ga bambancin tsiro. Sannan ka ɗebi ƙasa a wurare kamar goma, zurfin santimita 20, ka gauraya, ka shanya rabin kilo a inuwa, ka haɗa da gorar ruwan bohol ɗinka. Kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya tana nan Dadin Kowa kusa da kai, ka je ka tambaye su inda za a auna maka. Abu uku za ka nema: EC na ƙasa, EC na ruwa, da pH, wato awon tsamin ƙasa. Latas yana son pH tsakanin 6.0 da 6.8. Ruwan da EC ɗinsa bai kai 0.7 ba lafiya lau ne. In kana zuba toka, ka daina, tana ɗaga pH ta ƙara gishiri.

Maganinsa shi ne wanke ƙasar da ruwa. Ruwa mai zurfin santimita 15 yana fitar da kusan rabin gishirin da ke saman ƙafa ɗaya na ƙasa, santimita 30 ya fitar da kusan kashi 80. Rumfarka murabba'in mita 192 ce, ka ga wankin rabi ma sai ya ci lita 28,800. Kada ka malala shi rana ɗaya, kashi-kashi ya fi wankewa, kuma da abin yayyafi ko bokiti, don tiyon ɗigo ba zai taɓa tsakiyar layi ba. Kafin ka fara, ka kankare farin ɓawon nan da shebur ka fitar da shi waje.

Ɗan Lambun Gubi:

Baba Malam ya faɗi gaskiya, amma ni dai a ganina wahala za ka saya wa kanka. Ni na daina yi a ƙasa. Jakunkunan leda nake cikawa da gawayin ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen taki da yashi, in ɗora a kan shimfiɗar leda. In ya lalace in zazzage in sake. Sannan ka duba zafi. Latas ɗan sanyi ne, digiri 15 zuwa 20 yake so, mu nan hunturu ne kaɗai ke ba mu wannan. Da an shiga Maris a cikin leda, komai kyan ƙasarka zai miƙe ya yi kara, ya yi ɗaci. Ka ɗaga gefen rumfar ka bar raga, ka sa ragar inuwa a sama. Ƙonewar bakin ƙananan ganyen tsakiya ma daga nan take, sinadarin kalsiyam ne ba ya isa can saboda zafi da rashin iska, ba wai babu shi a ƙasa ba.

Maman 'Yan Biyu, Yalwa:

Ni maganar kashin kajin nan ce ta tsaya mini a rai. Ƙanena, latas fa ɗanye ake cin sa, ba a ɗora shi a wuta. Ka baza ɗanyen kashi yau, bayan sati biyar ka kai wa mai otal, ruwan ban-ruwa ya fallatsa shi a ganye, wani bawan Allah ya ci ya kwana a asibiti. A Amurka dokar masu noman da ba sa amfani da sinadarai ta ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Latas ɗinka ko rabin haka ba ya yi.

Ni tarawa nake yi a bayan rumfa: kashin kaji kashi ɗaya, ɓuntu ko harawar da ta lalace ko busasshiyar ciyawa kashi biyu zuwa uku, in jiƙa, in rufe da tsofaffin buhuna, ina juyawa. Tsakiyar tarin sai ta yi zafin da ba za ka iya barin hannunka a ciki ba, wajen digiri 55, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Ya nuna in ya yi baƙi, ya huce, warin nan mai hawa ido ya tafi. In za ka samu na shanu ka fi ba shi ƙarfi, bai kai na kaji gishiri ba.

Mai Latas, bayan Kwadon:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, za a gyara. Ɗan uwa na Gubi, na yi lissafin jaka: a tazarar da nake dasawa rumfa ɗaya tana cin gindi fiye da dubu, in na sayi jakar da abin cikawa ribar zagaye nawa ke nan? Wataƙila na gwada a layi ɗaya.

Baba Malam, damuwata biyu ce. Ƙasata baƙar laka ce mai tsagewa da rani, in na zuba mata wannan uban ruwa tafki za ta zama, ina gishirin zai bi? Na biyu, ba zan iya rufe rumfunan a bar su haka ba. 'Yan shekarun nan azumi a ƙarshen hunturu yake faɗowa, lokacin da latas ke kuɗi, in na yanke wa masu otal kaya sati biyu za su koma wa na Jos, kuma dawo da su aiki ne. Ba ku kuma ce komai a kan ƙullin saiwar ba.

Tsohon Malamin Gona, Bauchi:

Ina zuwa kansa, ɗana. Ƙullin nan aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, nematod. Tumatir da kokwamba ne suka tara maka ita, latas ya gada. Tana shiga saiwa ta kumbura ta, ruwa da abinci su kasa wucewa. Ta fi son ƙasa mai yashi, saboda haka in ka taɓa zuba yashi ko ƙasar fadama a rumfar, ko ka sayo dashe da ƙasarsa a jiki, ka san ta inda ta shigo. Wannan ma ya isa ya hana ka kiran tifa.

Rumfa biyu gare ka, ka riƙa hutar da su bi da bi. Ka lallaɓa ta farko ta kai ka bayan salla: ka kankare farin, ka yi mata ƙaramin wanki tsakanin girbi da dashe, ka rage kamfa zuwa rabi, yuriya kaɗan-kaɗan a ruwa. Ta biyu kuwa, da Maris ya shigo, ka tuge komai har saiwa ka ƙone a waje. Ka kaftu, ka farfasa hoge, ka gauraya ruɓaɓɓen takin da Hajiya ta kwatanta, ka jiƙa sosai, ka shimfiɗa farar leda mai shara-shara, ba baƙa ba, ka binne gefenta kada iska ta shiga. Ka rufe rumfar ruf na sati huɗu zuwa shida. Ranar da ke kai digiri 40 a waje a Gombe za ta dafa maka saman ƙasar kyauta, kuma lokacin dama latas ba ya yi. Tunkuzar 'ya'yan dogon yaro tana taimakawa in ka gauraya ta mako biyu kafin dashe, amma rage tsutsar take yi, ba ta ƙarar da ita. Fartanya da takalmin da suka shiga rumfa ta biyu kada su shiga ta farko sai an wanke.

Batun laka: kada ka zuba yashi kaɗan a ciki, tauri zai ƙara mata. Gawayin ɓuntu da ruɓaɓɓen taki ne ke buɗe ta. Ka ɗaga fangalanka kamar santimita 25, ka haƙa magudana a gefe biyu ta fita waje zuwa gangare. Babban wankin ka bar wa damina: ka yaye ledar rufin a Yuli da Agusta, ruwan watannin nan biyu ya fi abin da bohol ɗinka zai bayar. Ka watsa gero ko dawa da kauri a ciki, su zuƙe ragowar takin, saiwarsu ta huda lakar. In sun kai gwiwa zuwa ƙugu ka yanke ka kai wa tarin taki ko dabbobi. Wake zai ba ka sha'awa, amma irinsa da yawa tsutsar nan na zama a jikinsu, ka bar shi sai ta ragu.

Mai Latas, bayan Kwadon:

To Baba, na gode. Gwangwanayen na cika su ɗazu, ƙasa ma na ɗebo tana shanye a zaure. Ɓuntu akwai shi jibge a injinan casar shinkafa na nan kusa, sai dai ban taɓa mayar da shi gawayi ba, in na cinna masa wuta toka yake zama. Ɗan uwa na Gubi, yaya kake yin naka, da durom ko a rami, kuma a wane lokaci kake kashe wutar?