Jimmy Carter: mai ƙin yaƙi ne tun asali, ko sai da ya sauka daga mulki?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce duk cikin shugabannin Amurka da muka taso muka gani, marigayi Jimmy Carter kaɗai zan iya kira mutumin zaman lafiya, sai aka yi mini ca. Shi ya sa na kawo maganar nan mu baje ta a faifai. Shekara huɗu ya yi yana mulki, 1977 zuwa 1981, bai kai ƙasarsa yaƙi ba. Da Bush ƙarami ya ja ɗamarar afka wa Iraƙi, Carter ya yi rubutu a jaridar New York Times a watan Maris na 2003, ana saura kwanaki a fara ruwan bama-bamai, ya ce wannan yaƙi bai cika sharuɗɗan adalci ba. Tun a 1990 ma ya aika wa shugabannin ƙasashen Kwamitin Sulhu wasiƙa kada su ba Bush babba izinin yaƙin Tekun Fasha. Ga kuma aikinsa na kawar da cutar kurkunu.

Injiniya Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ina cikin waɗanda suka yi maka ca, kuma ina nan a kan bakana. Rashin tura soja daban, rashin hura wuta daban. A watan Yuli na 1979 Carter ya sa hannu a fara taimaka wa mayaƙan Afganistan a asirce, tun kafin sojan Tarayyar Sobiyet su shiga a Disamba. Bayan sun shiga, makamai suka fara bi ta Pakistan. A Janairun 1980 ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya ce Amurka za ta yi amfani da ƙarfin soja a kan duk wanda ya nemi mamaye yankin Tekun Fasha. Wannan turbar ce Bush uba da ɗa suka bi daga baya. A zamaninsa aka ci gaba da sayar wa Indunusiya makamai tana kashe mutanen Timor ta Gabas. Shi ne kuma ya je Tehran a ƙarshen 1977 ya yabi Sarki Shah na Iran, alhali gidajen yarin ƙasar cike suke da 'yan adawa. Wanda ya kunna wuta ya dawo da bokitin ruwa bayan shekara ashirin, sai a ce masa mai kashe gobara?

Hajiya Ladi: Injiniya ƙanena, ban san siyasar Afganistan ba, amma na san kurkunu, don a gidanmu ya kwana. Ina 'yar shekara tara ya kama mahaifinmu a ƙafa biyu, daidai faɗuwar damina. Ku yaran yanzu ba ku gan shi ba. Wurin yakan yi ƙurji ya riƙa zafi kamar an ɗora garwashi, sai ya fashe, kan tsutsar ya leƙo fari kamar zare. Ba allura, ba ƙwaya. Tsinke ake samu a naɗe ta a kai, kullum a ja ɗan kaɗan, don in ta tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ke nan. Sai a yi wata guda ko fi ana wannan, tsawonta kuwa yakan kai mita ɗaya. Abin tausayin, mai ciwon yakan tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, ashe a nan take zubar da 'ya'yanta, mu kuma mu ɗebo ruwan mu sha, baɗi war haka ya fito mana. Waccan shekarar ba mu yi noma ba, 'yan uwa ne suka ciyar da mu. Da aka fara raba ƙyallen tace ruwa ana zuba magani a tafkuna, tsofaffi da yawa sun ƙi, suna cewa ciwon a jini yake. Sai da aka yi ta bin ƙauyuka ana lallashi. Janar Yakubu Gowon da kansa ya shiga aikin. Jikokina yau ko sunan cutar ba su sani ba. Ni dai wanda ya tsaya a kan wannan, ba zan iya jin ana rage masa daraja in yi shiru ba.

Injiniya Sadiƙ: Yaya Ladi, Allah ya jiƙan Baba. Wallahi ban musa ko ɗaya a cikin abin da kika faɗa ba. Kalmar da Malam ya yi amfani da ita nake ja da ita.

Dakta Mariya: Bari in ɗora alƙaluma a kan maganar Hajiya. Da cibiyar Carter ta karɓi aikin a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21. Binciken da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya samu sama da mutum 650,000. Na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a jihar Inugu, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a Najeriya da Nijar. Sai dai a riƙa tunawa da masu sa kai na ƙauyuka, su ne suka taka da ƙafa gida gida.

Malam Habibu: Madalla Dakta. Injiniya, ga inda nake so ka duba, don a nan ƙin yaƙi da aikin jinƙai suka haɗu wuri guda. A 1995 ana tsakiyar yaƙin basasar Sudan, Carter ya shawo kan gwamnatin Albashir da mayaƙan John Garang, madugun 'yan tawayen kudu, suka tsagaita wuta kusan wata shida, don ma'aikatan lafiya su kai ga ƙauyukan da kurkunu ya addaba, a yi wa yara rigakafi. Yana da shekara 70 a lokacin, ba kujerar da yake nema. A 1994 ya je Koriya ta Arewa sa'ad da ake jin ƙanshin yaƙi, ya zauna da Kim Il Sung. Wa ya tilasta masa?

Injiniya Sadiƙ: Babu. Amma ka lura duk misalanka na bayan mulki ne, lokacin da ba soja a hannunsa, ba kamfanin makamai a ƙofarsa. Yaƙin Sudan ɗin ma ya dawo, bai ƙare ba sai 2005. Ni a wurina a kan kujera ake auna shugaba.

Ustaz Nuhu: Ni batun Falasɗinu ne ya raba mini hankali biyu. Sulhun Camp David na 1978 da Carter ya shiga tsakani aka ƙulla ya hana Masar da Isra'ila sake gwabzawa har yau, wannan rayuka ne aka tsirar. Amma an bar Falasɗinawa a rana, kuma har yanzu suna cikinta. Daga baya shi ɗin ne ya fitar da littafi a 2006 yana kwatanta halin da suke ciki da wariyar launin fata, ya sha zagi a ƙasarsa, ya kuma je Dimashƙa a 2008 ya gana da Khalid Mish'al na Hamas duk da gwamnatin Amurka ba ta so. Ina ganin mutum ne da abin da ya bari a baya bai bar shi ya yi barci ba.

Hajiya Ladi: To Ustaz, ai ko a addini wanda ya gyara ana karɓa masa.

Injiniya Sadiƙ: Ana karɓa Yaya, amma haƙƙin mutanen Timor da na Afganistan ba ni da ke za mu yafe ba. In Malam zai ce Carter shi ne tsohon shugaban da ya fi kowa amfanar talakan Afirka bayan ya sauka, na sa hannu yanzu.

Malam Habibu: Na karɓi rabin gyaranka. Batun Timor ba ni da abin kare shi. Amma ba zan janye cewa ƙin yaƙinsa na gaske ba ne, don wata 14 ana tsare da Amurkawa 52 a Iran, ana zuga shi ya yi luguden wuta, ya ƙi. Yunƙurin ceto guda ya yi, ya ci tura, sojansa takwas suka mutu, ya faɗi zaɓen 1980, mutanen kuma duk suka koma gida da rai.

Alhaji Isa Njamena: Ina biye da ku tun ɗazu. Ku a Najeriya kun huta, mu a Chadi kurkunu bai tafi ba. Yanzu har karnuka yake kamawa a garuruwan bakin kogin Shari, ana zargin kayan cikin kifi da ake watsa musu. Ana biyan mutane su ɗaure karensu har tsutsar ta gama fita. Carter ya taɓa cewa burinsa tsutsar ƙarshe ta riga shi mutuwa, ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, ita kuwa tana nan. Dakta, in kina da bayanin yadda ake hana ta komawa daga kare zuwa mutum, ki turo mini, akwai masunta 'yan uwana da zan karanta wa.