Fedal ɗin tiremolo mai sauƙin kuɗi: wanne ya dace da sefa 35,000?

Sabon Hannu, Garwa:

Assalamu alaikum yayyena da iyayen gidana a wannan sana'a. Ina neman shawara kan fedal ɗin tiremolo, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya riƙa kaɗa sautin jita. Jitata irin Stratocaster ce, amfina ƙarami ne mai wat 40, babu tiremolo a jikinsa, kuma fedal ɗaya gare ni, na obadirayib, mai ƙazanta sautin jita ya yi kaushi. Yawancin aikin na biki ne a fili, da gurup, wato janareta, ake ba mu wuta. Kuɗin da na ware sefa 35,000 ne. Uku aka nuna mini a hoto daga Duwala: Behringer UT300 sabo, Joyo JF-09 sabo, da Boss TR-2 na hannu. Wanne zan ɗauka? Sannan wani ya ce ɓarnar kuɗi zan yi, wai sandar da ke jikin gadar jita ita ce tiremolo. Gaskiya ne? Na ƙarshe, akwai adaftar dikodar talabijin a gida, kanta ya yi daidai da ramin fedal, zan iya aiki da ita?

Usta Mai Gyaran Amfi, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce mai kashe kaya: kada ka kuskura ka soka adaftar dikodar nan. Shigar kai cikin rami ba shi ne dacewa ba. Duka ukun da ka lissafa bolt 9 suke ci, wutar DC, kai mai milimita 2.1, kuma tsakiyar kan ita ce − , bayansa +. Adaftar dikoda da ta rauta galibi bolt 12 ce, tsakiyarta kuma +, wato ta saɓa ta fuska biyu. Idan ka soka ta, in an yi sa'a ɗan diyod ɗin kariya da ke ciki ne zai ƙone, in ba a yi ba har aisi ɗin, wato ƙwaƙwalwar da'irar, ya tafi, ka ji ƙauri ke nan. Dubi ɗan zanen da ke jikin kowace adafta, ɗigo ne a tsakiya da rabin zobe kewaye da shi: layin da ya fito daga ɗigon dole ya nufi alamar −.

Haka nan ka guji adaftar kasuwa mai makunnin zaɓen bolt, wadda ake turawa daga 3 zuwa 12. Da yawansu, musamman masu nauyin nan, ba su da abin daidaita wuta a ciki. Ka sa ta a kan 9, ka auna da mita ba tare da kaya ba, sai ka ga 12 ko 13, ga kuma gurnani da take zubawa cikin amfi. Nemi wadda aka yi don fedal, mai daidaita wuta, wadda aka rubuta 100–240V a jikinta. Irin wannan ta fi jure hawa da saukar gurup. Saboda haka kuɗinka ba 35,000 ba ne na fedal kaɗai, cire na adafta da gajeriyar wayar haɗi tukuna, abin da ya saura shi ne kuɗin fedal.

Batun sanda kuwa, mai maganar bai yi daidai ba, amma ba laifinsa ba ne. Tiremolo ƙarfin sauti yake ɗagawa ya sauke, kamar mutum yana murɗa bolum sama da ƙasa da sauri. Sandar jita kuwa igiyoyi take sassautawa ko ta ja su, sai muryar ta yi ƙasa ko sama, wannan shi ne bibirato. Kamfanin Fender ne ya cakuɗa sunayen: da ya fito da Stratocaster a 1954 ya kira gadar mai sanda tiremolo, a amfunansa da yawa kuma ya rubuta bibirato a kan abin da ainihinsa tiremolo ne. Sandarka ba za ta taɓa ba ka abin da kake nema ba.

A ukun nan, ni Joyo zan ce, saboda jikinsa ƙarfe ne kuma aikinka na fili ne. Cikinsa ɗan ƙwan fitila ne yana haskawa yana dushewa a gaban resista mai jin haske, dabarar da aka sani a amfunan Fender na shekarun 1960, shi ya sa kaɗawarsa take da taushi. Abin murɗawa biyu ne kawai, Rate na gudun kaɗawa da Intensity na zurfinta. Behringer jikinsa roba ne, ramukan jak ɗinsa a kan allon ciki suke zaune, idan wani ya taka waya a cikin rawa allon ne zai sha wahalar. Ko canza batir sai ka danna maƙalan murfin da bakin biro. A ɗaki ba shi da laifi, a filin biki yana son lallaɓawa.

Solo Ngaundere:

Usta ya gama magana kan wuta, ba abin ƙarawa. Amma a zaɓin, Malam, ina da ja. Abin murɗawa na uku, wato Wave, shi ne rabin amfanin tiremolo, kuma Joyo ba shi da shi. TR-2 da UT300 duka suna da Rate, Depth na zurfin kaɗawa, da Wave na siffarta, don na Behringer kwaikwayon tsarin Boss ne. Ka murɗa Wave hagu, sautin yana tashi yana sauka a hankali kamar numfashi, wannan ya dace da waƙa mai sanyi da kiɗan yatsu. Ka murɗa dama, sai ya koma sara, a kunna a kashe, tamkar ana yanka sautin da wuƙa. Mai buga rakiya a biki yana bukatar saran nan, domin a fili, tsakanin ganga da kalangu da lasifika, tiremolo mai taushi ɓacewa yake yi, mai bugawa kaɗai ke jin abinsa.

Don haka idan TR-2 ɗin lafiyayye ne kuma kuɗinsa ya shiga, shi ne na farko ba tantama. Tun 1997 ake yin sa, jikinsa ƙarfe, makunninsa yana ɓoye ƙarƙashin faifan takawa, ƙura ba ta samunsa da sauƙi. Sabonsa a Turai yana kaiwa wajen Yuro 100, Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, ka ga ya haura 65,000 tun kafin kuɗin mota da na kwastan. Na hannu a ƙasa da 35,000 ba abin mamaki ba ne, amma yana son bincike.

Abu guda ka sani tun yanzu don kada ka ce an cuce ka: idan ka taka tiremolo za ka ji kamar sautinka ya ragu. Dalili shi ne fedal ɗin ragewa kawai yake yi daga ƙololuwa, ba ya ƙarawa. Idan Wave yana kan sara, Depth a ƙarshe, rabin lokaci shiru ne, ƙarfin da ke isa kunne ya ragu da rabi, kimanin desibel 3. An san tsofaffin TR-2 da wannan ƙorafi. Maganinsa uku ne: ka tsayar da Depth tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 1 idan ka ɗauki abin murɗawar kamar fuskar agogo, ko ka ɗan ƙara Level na obadirayib ɗinka ka riƙa taka su tare, ko ka sayi mai abin murɗa bolum a jikinsa, irin na Voodoo Lab, wanda ya fi ƙarfin wannan kasafin.

Jeri kuma: jita, obadirayib, sannan tiremolo, sannan amfi. Idan ka sa shi gaban obadirayib, shi obadirayib ɗin matse sauti yake yi, yana ɗaga na ƙasa yana danne na sama, sai ya shafe kaɗawar, ka yi ta ƙara Depth ba ka jin komai. Haka zai faru idan daga amfin kake samo ƙazantar sautin. A nan sai ka duba bayansa, in akwai ramuka biyu Send da Return, ka sa tiremolo a tsakaninsu.

Saita gudu da kunne ake yi, amma lissafin yana taimakawa. Kiɗa mai bugu 120 a minti yana da bugu 2 a daƙiƙa. Kana son kaɗawa biyu a kowane bugu, ka nemi 4 a daƙiƙa. Kiɗa mai tafiyar uku-uku, irin 6/8 na bikutsi, kiɗan kudancin Kamaru, da kiɗe-kiɗenmu da yawa na gargajiya, kaɗawa uku ce a bugu, wato 6 a daƙiƙa. Ka kaɗa igiyoyi sau ɗaya ka bar su suna amo, ka buga ƙafa tare da mai ganga, ka murɗa Rate a hankali har kaɗawar ta zauna a kan ƙafarka. Idan ka samu wurin, ɗiga masa alama da farin fenti ko ɗan salatif.

Ɗan Kusiri:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙari kan maganar Solo: mai ganga ɗan Adam ne, yana ƙara gudu idan fili ya yi zafi, kuma babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke da makunnin taka gudu da ƙafa. Da sara mai zurfi, da zarar ganga ta matsa kaɗan za a ji kun rabu. Da taushi ba a cika lura ba. Wanda aikinsa ya dogara da sara, ya duba ƙananan na'urori masu sauti da yawa na hannu, irin Zoom G1 Four ko MS-50G. Suna da tiremolo, ana iya ajiye gudun kowace waƙa da bolum ɗinta daban, kuma da batir AA suke aiki, huɗu a na farko, biyu a na biyu. AA kuwa ko a shagon ƙauye akwai, sabanin mai kusurwa huɗu na bolt 9. Aibinsu shi ne sai an shiga allo ana latsawa, gyaransu kuma ba na kowane mai gyara ba ne.

Idan TR-2 ɗin za ka bi, kada ka tura kuɗi kan hoto. A samu wani naka a Duwala ya je da jita da batir sabo ya gwada kafin a ba motar ajans, wato ta kamfanin sufuri. Ya taka shi sau 20 a jere, kowane taku fitila ta amsa. Ya murɗa abubuwan murɗawarsa uku daga farko zuwa ƙarshe yana saurare, ƙarar ƙasa-ƙasa ƙura ce kuma tana wankuwa, amma idan sauti yana yankewa ɗif a wani wuri, abin murɗawar ya cinye sai canji. Ya girgiza kan jak a ramin shiga da na fita. Ya kwance dunƙulen sukurun gaba ya leƙa ɗakin batir, farin gari ko kore a kan maƙalin alama ce batir ya taɓa zubewa a ciki. Ya gwada da adafta ma daban, domin ramin adafta yakan tsage daga dalmarsa, fedal ya yi aiki da batir ya ƙi da wuta. A ƙarshe ya sa Depth a sifili ya kwatanta da a kashe, ƙarfin ya zama kusan ɗaya.

Ƙananan nan kamar Mooer Trelicopter sautinsu ba laifi, amma ba su da ɗakin batir sam, ka sani kafin wani ya tallata maka.

Sabon Hannu, Garwa:

Allah ya saka da alheri, na ajiye adaftar dikoda. Zan sa a gwada Boss ɗin yadda Yaya Ɗan Kusiri ya tsara, in ya faɗi sai Joyo. Usta, adafta ɗaya za ta iya ɗaukar fedal biyun da wayar nan mai rassa? Ko in zauna kan batir kawai tunda gurup ne?

Usta Mai Gyaran Amfi, Marwa:

Za ta ɗauka. TR-2 wajen miliamfiya 20 yake ja, obadirayib na gargajiya bai kai haka ba, adafta mai 300 ko 500 ta ishe su har da saura. Yawan miliamfiya ba ya ƙona fedal, abin da yake bukata kawai yake ja. Bolt da juyin + da − su ne masu ƙonawa. Rassan da ba ka amfani da su ka rufe kansu da salatif, domin bayan kan shi ne +, idan ya taɓa jikin fedal na ƙarfe ya haɗe wuta ke nan.

Matsalar waya mai rassa ita ce ƙyas-ƙyas. Tiremolo yana da da'irar da ke kaɗawa a ciki, a wasu fedal ko an kashe su tana ci gaba da aiki. Kowace kaɗawa tana ɗan fizgar wuta, fizgar ta bi waya ta shiga obadirayib, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi, sai ka ji tik, tik, tik a lasifika. Gane ta ba wuya: murɗa Rate, idan ƙarar ta canza gudu, ita ce. Sai ka raba su, obadirayib a batir tunda cinsa kaɗan ne, tiremolo a adafta. Idan gurnani ne mai tsayawa wuri ɗaya, ba ya bin Rate, wannan daga gurup ne ko wayar jita marar kyakkyawar garkuwa. Ka sa amfi da adafta a kan rallonji ɗaya, wato wayar nan mai ramukan soket da yawa, ka nisanta wayar jita daga ta wuta.

Batir kaɗai zai cinye ka. Alkalin mai kyau yana da wajen miliamfiya-awa 500, ka raba da 20, awa 25 ke nan a takarda, a aikace bai kai ba, mai arhan nan na kasuwa kuwa ko kusa. Ka riƙe ɗaya a jaka don ranar larura. Kuma ka zare jak daga ramin Input duk lokacin da aka tashi, domin shi ne makunnin batir, fitila a kashe ba ta hana shi zuƙa. A nan akwai bambanci tsakanin biyun da kake dubawa: Joyo idan batir ya mutu ka taka ka kashe shi, sautin jita zai wuce kai tsaye, Boss kuwa sautin ta cikin da'irarsa yake bi ko a kashe, batir na mutuwa jitar ta shaƙe, sai ka zare wayoyi ka tsallake shi.

Sauran kula ne da yanayinmu. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kada ka bar fedal da batir a ciki cikin but ɗin mota ko a rana, zubewa yake yi. Lokacin hunturu ka riƙa sa shi a leda mai zif bayan aiki, kuma a fili ka ɗora shi kan ɗan katako, ba kan yashi ba. Idan abin murɗawa ya fara ƙara, fesa masa maganin wanke kontak kaɗan ta ɗan ramin da ke bayansa, ka murɗa shi sau 30, ka bari ya bushe minti 10 kafin ka ba shi wuta. Ban da man da ake fesa wa ƙusa mai tsatsa, yana barin maiƙo, ƙura ta manne a kai ta zama taɓo.