Wai cscope maƙaryaci ne? Yadda aka kwashe a zauren masu rubuta manhaja na Birnin Kebbi

Nura: Jama'a, cscope, manhajar nan ta bincike cikin kod ɗin C, maƙaryaci ne. A buga `:cs find c kwatanta` a editan Vim don ganin masu kiran fankishin ɗin kwatanta, sai ya ce ba mai kiransa. Alhali ga shi ƙuru-ƙuru cikin `qsort(a, n, sizeof a[0], kwatanta)`.

Injiniya Bello: Ƙanena, wannan ba kira ba ne, ambato ne. Adireshin fankishin ɗin ka miƙa, qsort, fankishin ɗin C mai jera abubuwa, shi ne zai kira shi daga can cikin laburare. cscope yana ƙirga kira ne idan baka `(` ya biyo bayan suna. Buga `find s`, zai kawo ko'ina sunan ya fito.

Hauwa'u: Har da sanarwar da ke cikin fayil na .h, mai ƙarewa da `;` ba jiki. Jikin kansa, wanda ke .c, `find g` ke kawo shi.

Sani Yauri: Injiniya, da girmanka, ban yarda da "ambato" ba. Wanda ka ba lambar waya ya kira, ai kai ka sa aka kira. Shi ya sa clangd, wata manhajar mai irin aikin cscope, ke saka irin wannan a jerin masu kira, Shift+Alt+H a VS Code.

Injiniya Bello: Sa kira daban, kira daban. In qsort bai samu abu biyu da zai gwama ba, wa ya kira?

Sani Yauri: Matsalarku ke nan 'yan Vim. Neovim ma, ɗan'uwan Vim, ya jefar da cscope tun sigar 0.9.

Injiniya Bello: Clangd ɗin naku fa? Ba compile_commands.json, fayil ɗin da ke gaya masa yadda ake harhaɗa kod ɗin, sai lalube. Sai ka ƙara `-DCMAKE_EXPORT_COMPILE_COMMANDS=ON` ko ka bi ta `bear -- make` kafin ka samu fayil ɗin. Kuma duk abin da ke reshen `#ifdef` (sharaɗin kunna ko kashe wani sashen kod) da aka kashe, ba ya ganinsa. cscope yana karanta rassan duka biyu.

Hauwa'u: cscope ɗin yana kuma haɗa `static` (abin da ya keɓanta ga fayil ɗinsa) biyu masu suna ɗaya a fayil daban-daban kamar abu guda, Yaya Bello. Faɗi wannan ma.

Nura: To ni wanne zan buga?

Sani Yauri: Kwamfuta mai RAM 4GB ce ke hana wasu barin Vim, ba hujja ba.

Malam Umaru, mai kula da zaure: Ya isa haka, a bar maganar kwamfutar mutane. Abin da aka tsayar: Injiniya ya yi gaskiya, ambato ne, cscope bai yi ƙarya ba. Sani bai kawo komai ba sai tallar VS Code. Nura, `find s`.