Rigimar "nama" a zauren 'yan unguwa

Na Tudun Jukun: Jama'a, an zalunce ni. A jarabawa aka ce mu lissafo ire-iren naman jiki yadda ake ganinsu a madubin likita. Na kawo huɗun nan: na shimfiɗa mai rufe fata da cikin hanji, mai haɗawa, tsoka, jijiya irin ta ƙwaƙwalwa da laka. Na ƙara jini na biyar. Malam ya zaftare min maki uku, wai jini gidansu ɗaya da ƙashi da kitse. Abin da ke kwarara me zai haɗa?

Ɗan Pawa: Dakata ƙanena. Jini ne nama? Tun kakanni muke fawa a Tudun Wada, ban taɓa auna wa kowa jini a sikeli ba.

'Yar Kongo: Malaminka ya yi daidai. Mai haɗawa ƙwayoyi ne warwatse cikin abin da ya kewaye su. A ƙashi abin ya sandare, a jini ruwa ne, wajen kashi 55 cikin ɗari. Shi ke nan.

Ɗan Pawa: Ke da kike karatun lauya, yaushe kika leƙa madubi?

'Yar Kongo: Kai yaushe ka leƙa, Yaya?

Ustaz: Nama halas, jinin yanka haram. A kiyayi harshe.

Mai Lab: Allah gafarta Malam, ba na tukunya ake nufi ba. Mu ɗan yanki muke jiƙawa a fomalin, ruwan magani mai hana ruɓewa, mu daskarar da shi cikin kakin farafin, mu fere shi sirir kamar maikiromita 5, wato kashi biyar cikin dubu na milimita. Sai rini: cibiyar ƙwaya ta yi shuɗi-shuɗi, sauran ya yi ruwan hoda.

Ɗan Pawa: To kilishi ke nan.

Bakano: Kuskuren Hausarku ce, Zage-zagi. "Tsoka" ya kamata a ce.

'Yar Kongo: Ƙwaƙwalwa tsoka ce? Fata fa? Ku da ba ku bambance mace da namiji a magana ba?

Bakano: Mu? Ku ne ke cewa "mace ya zo"!

Na Tudun Jukun: Don Allah maganar makina fa?

Admin: Na rufe, an kira Magariba. A taƙaice masu rinjaye sun tabbatar jini ba nama ba ne, kamar yadda yayana Ɗan Pawa ya faɗa tun farko. Bakano kuma ya ba Zazzau haƙuri kafin gobe, ko in cire shi.