Ruwa ya shigo mana sela, wa ya taɓa fama da wannan?

Baban Amira (Bradford): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Gidanmu irin na jeren nan ne masu haɗa bango da maƙwabta, tsohon ginin dutse. Da asuba na sauka sela, wato ɗakin ƙarƙashin gida, ɗauko shinkafa, na tarar ruwa ya kai idon sawu. Buhu biyu sun jiƙe, akwatunan da muka zo da su daga gida duk sun sha. Wani mai gyara ya zo ya duba, ya ce sai an shafe bangon gaba ɗaya da siminti mai hana ruwa, fam 6,000. Shekararmu huɗu a gidan, ba mu taɓa ganin haka ba.

Maman Yusuf (Leeds): Wa'alaikumus salam. Subhanallahi, Allah Ya mayar da alheri. Kafin komai, ina mitar wutarku take? Yawancin gidajen nan a sela ake saka ta. In ruwan ya kusa soket ko waya kada kowa ya sake taka shi, kuma a rufe ƙofar saboda yara.

Baban Amira: Tana can sama kusa da matakala, ruwan bai kai ba. Na dai kashe layin sela.

Injiniya (Sheffield): Malam, kada ka ba kowa ko kwabo tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Sela da ta shekara huɗu a bushe ta cika dare ɗaya, akwai abin da ya fashe ko ya toshe. Waɗannan gidajen yawancinsu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su, kafin 1901, kuma selar wurin ajiye kwal ce. Danshi halinta ne, amma ruwa kwance wani abu ne daban. Ka amsa min: ruwan garau yake ko yana wari? Sai an yi ruwan sama yake ƙaruwa, ko kullum? Ta wane bango yake tsattsafowa?

Baban Amira: Yana ɗan wari kamar na kwata. Ta bangon baya ne, kusurwar da muka haɗa da maƙwabciyarmu. Ko ba a yi ruwa ba da safe yakan ƙaru.

Kawu (Manchester): Ni dai ku bar ni da maganar shafa simintin nan. Na yi a nawa, hunturu biyu kacal ya fara ɓamɓarewa kamar ƙanzo. Ashe indararon baya ne ganye ya toshe, ruwan rufi yana zuba a gindin bango. Yaron da ya hau tsani ya share shi bai karɓi abin kirki ba, kuma tun daga nan shiru. Ka fita lokacin da ake tsuga ruwa ka ɗaga kai ka duba. Ka duba tsohon ramin da ake zuba kwal ta bakin titi ma, murfinsa yakan yi yoyo.

Injiniya: Gaskiyar Kawu ne, a duba indararo. Amma ruwan da ke ƙaruwa da safe, lokacin da kowa ke wanka da wanke-wanke, kuma yana wari, ni bututun kwata nake zargi. Na da ɗin na yumɓu ne, mahaɗarsu kan saki, saiwar itace kan shige. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun 1 ga Oktoba 2011, a Ingila da Wales, bututun ƙazanta da gida fiye da ɗaya ke amfani da shi ya koma hannun kamfanin ruwa, haka ma wanda ya fita daga harabarka. Naka shi ne guntun da ke cikin harabarka wanda gidanka kaɗai yake yi wa aiki. A gidajen jere kuwa galibi layi ɗaya ne ya bi ta bayan kowa. Ka kira kamfanin ruwanku, ka ce ruwa mai wari na shigowa sela. Sukan ɗebi ruwan su gwada, su zuba kala a magudana, in ta kama su zura kyamara.

Maman Yusuf: In kuna da mitar ruwa, ku rufe duk famfunan gidan ku leƙa ta. In tana juyawa, bututun ruwan sha ne ke yoyo. Haka muka gano namu.

Hajiya (Landan): Baban Amira, gidan naka ne ko haya?

Baban Amira: Namu ne Hajiya, muna dai biyan banki.

Hajiya: To ka ɗauki hoto da bidiyo yau, kafin ka kwashe ruwan, ka sanar da inshora. Ka karanta takardarku, wasu suna biyan kuɗin binciko inda yoyon yake, amma ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa a hankali sukan ce babu ruwansu. Masu haya a zauren nan kuma, gyaran magudana da indararo na mai gida ne a dokar masu gida da 'yan haya ta 1985. Ku rubuta masa a rubuce, in ya yi kunnen ƙashi ku kai wa kansul, wato ƙaramar hukuma. Sannan ka yi wa maƙwabciyar sallama, ƙila tata selar ma ta cika ba ta sauka ba.

Ɗan Auta: Ni tambayata, shinkafar ta mutu ke nan? A shanya mana.

Maman Yusuf: A wace ranar za a shanya, ta Bradford? Kuma in ruwan kwata ne ai sai juji. Ɗan Auta ka ji tsoron Allah.

Injiniya: In an gama bincike aka ga ruwan ƙasa ne da kansa, don Bradford gari ne mai tuddai kuma ruwa na gangarowa, to a nan ma ban cika son shafe ba. Ruwan yana turowa ne daga bayan bango, wuri ɗaya ya tsage shi ke nan. Abin da ya fi riƙo shi ne a bar shi ya shigo a yi masa hanya: leda mai kauri mai ƙulli-ƙulli a jikin bango, 'yar magudana a gindinsa, rami a kusurwa da injin da ke tashi da kansa in ruwa ya taru. Sai dai yana son wuta, da batirin ko-ta-kwana, da dubawa duk shekara. Kuma in za a sassaƙa bangon da kuka haɗa, dokar bangon haɗaka ta 1996 ta ce sai an ba maƙwabci sanarwa a rubuce. Ƙananan ramukan iskan nan na jikin bango kada ka toshe su don sanyi, funfuna za ka gayyato.

Baban Amira: Jama'a ga labari. Mutanen kamfanin ruwa sun zo jiya, sun zuba koren kala a magudanar bayan gidan maƙwabciya, ba a yi awa ɗaya ba selarmu ta zama kore shar. Layin haɗakar ne ya fashe, kuma sun ce gyaran nasu ne. Maƙwabciyar, baiwar Allah, ta sauka tata selar, ita ma ruwa. Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Yanzu wa ke da na'urar tsotse danshi ya ara min?

Kawu: Akwai tawa a ajiye. Ka wanke wurin da bilic tukuna, ka sa safar hannu, ka ɗora sauran kayan kan katako. Zan shigo Bradford ranar Asabar, a ce wa Maman Amira ta tanadi tuwo, tunda shinkafa dai babu.