Da gaske NBA ta hana Jordan sa takalminsa?

Auta: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakata, hanin da NBA, hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta yi ne ya ɗaga Air Jordan 1, takalmin da Nike ta yi wa Jordan. Michael Jordan ya shigo fili da kambas ja da baƙi, alhali dokarsu ta ce takalmin ɗan wasa ya dace da na abokan wasansa, fari ya rinjaya. Duk wasa tarar dala 5,000, Nike ke biya.

Koci: Wa alaikumus salam. Auta, wannan labarin daga tallar Nike ya samo ƙarfi. Wasiƙar da NBA ta aika musu a Fabrairun 1985 tana magana ne kan wani takalmi ja da baƙi da ya sa a Oktoban 1984, kuma ba ta ambaci tara ba. Air Jordan 1 bai shiga kasuwa ba sai Afrilun 1985.

Auta: Koci, rashin shigarsa kasuwa ai ba zai hana mai shi samunsa da wuri ba.

Koci: Haka ne. To amma duba hotunan wasanninsa na farko a ƙungiyarsa ta Chicago Bulls, Air Ship ne a ƙafarsa, wani samfurin Nike daban. Ja da baƙin da kake nufi, inda kowa ya gan shi da shi sosai shi ne gasar dankin (tsalle a cusa ƙwallo cikin kwando) ta 1985, ita kuwa ba wasan lig ba ce. Nike ta samu hani na gaske, ta jingina shi ga takalmin da take son sayarwa.

Mai Shago: Ku yi haƙuri in sa baki. Matasan da ke zuwa wajena yawancinsu ba su taɓa jin labarin hanin ba. Ƙirar suke so. Peter Moore, mai zanen takalmin, ya zana abin da ke shiga da jins, ya shiga da gajeren wando, ga launi mai ɗaukar ido.

Anti: Duk kun bar mai takalmin a baya. Yaron da ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa a 1985, yana zuba maki sama da 28 a kowane wasa, me zai sa a ƙafa yara su ƙi so? Shi fa Adidas ya so tun farko, mahaifiyarsa Deloris ce ta matsa masa ya je ya saurari Nike.

Auta: Anti, Magic Johnson da Larry Bird ma gwanaye ne, ga takalman kamfanin Converse a ƙafarsu, amma ina nasu yau? Dala 65 aka sa wa Air Jordan 1, kuɗi mai yawa a lokacin, aka yi rububinsa. Samari suna son abin da aka ce an hana.

Koci: In hanin ne sirrin, me ya sa da aka sake fito da shi a 1994 bai yi kasuwa ba, har aka karya farashi? Tallar ta taimaka, ban musa ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne tarar nan ta kowane wasa. Kawo mini takardar biya ko guda ɗaya.

Auta: Ni kuma kawo mini wani takalmin ƙwallon kwando na 1985 da ake bin layi a kansa yau.