Wai duk "hana" ce, ko kuwa akwai bambanci?

Kabiru: Jama'a ku raba mu. An ba ƙanwata aikin gida, an jera mata prevent, hinder, restrain, suppress da curb, wai ta cike gurbi da wadda ta dace. Na ce mata duk "hana" ce, ta saka wadda ta ga dama. Yau ta dawo da biyu cikin goma, ko gaishe ni ba ta yi ba. Ni kuwa ina nan kan bakana: Turawa ne da son tara kalmomi, ma'anar ɗaya ce.

Malama Rabi: Kabiru ka cuci yarinyar nan. Ɗauki ruwan sama. In ya tsuge tun safe har dare ban leƙa kasuwa ba, wannan prevent ne, zuwan bai yiwu ba sam. In kuwa na fita, na tattare zani, ina tsallake kwata, na isa bayan la'asar a jiƙe sharkaf, wannan hinder ne. Na je, wahala dai na sha. Ta yaya wanda ya je da wanda bai je ba za su zama ɗaya?

Kabiru: Malama ai a Hausa duk "ruwa ya hana ni" za ki ce.

Malama Rabi: Ko kusa. A na biyun cewa zan yi ya kawo min cikas. Kai ne dai ka riƙe kalma ɗaya kamar ba ka da wata.

Alhaji Ɗanlami: Malama ta yi daidai. Na yi shekaru ina fassara labarai, kuma abin da ya fi taimaka min shi ne sanin tushen kalma. Curb asalinta sarƙar nan ce ta linzami da ke zagaye ƙarƙashin haɓar doki. Doki da linzami ai tafiya yake yi, gudunsa kawai ake ragewa. Shi ya sa ake cewa curb inflation, wato a ja wa tsadar kaya linzami, ba wanda ya ce za a kashe ta. Impede kuma daga kalmar Latin ta ƙafa ta fito, dabaibayi ke nan, jaki yana kiwo amma ba ya nisa. Suppress danna abu ƙasa ne: ka danne dariya a gaban surukinka, ka danne tari a sahu, hukuma ta danne labari, sojoji su murƙushe tawaye. Abin yana nan a ƙasa yana neman fitowa.

Nafisa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ni ina ɗan bayan Yaya Kabiru. Ku tuna Twitter. Ranar 4 ga Yuni 2021 ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ce an yi suspend, bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari. 'Yan jarida suka yi ta cewa ban. Ni da nake tallar atamfa a can, me ya shafe ni da sunan? Na buɗe waya da safe shafi ya ƙi buɗewa, haka muka zauna har 13 ga Janairu 2022. Wata bakwai. Ku kira shi dakatarwa ko haramtawa, ciniki dai ya tsaya.

Kabiru: Yawwa ƙanwata! Magana ta ƙare.

Barista Auwal: Ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Nafisa, misalinki ni ya taimaka wa. Me ya sa gwamnati ta zaɓi suspend? Domin kalmar tana ɗauke da alamar za a dawo, ko da an ƙara mata cewa sai abin da hali ya yi. Masu suka kuma suka zaɓi ban don a ji nauyin abin. Da ma'anarsu ɗaya, ba wanda zai ɓata yawunsa yana zaɓe. Sannan in tambaye ki tsakani da Allah, ba ki saka VPN, manhajar nan ta zagaye toshewar, ba?

Nafisa: Na saka mana, kowa ya saka. Amma yana cinye caji, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa kafin ya hau, masu saye rabinsu sun gudu.

Malama Rabi: To ga hinder nan kin faɗa da bakinki. Kin shiga, da ƙyar. Kakata da ba ta san VPN ba, da tana Twitter, ita ce za a ce an yi wa prevent.

Barista Auwal: Kuma a cikin rigimar nan restrain ma ta fito. A watan Yunin dai kotun ECOWAS ta ba da umarnin restrain a kan gwamnati, kada ta gurfanar da masu amfani da shafin kafin a gama shari'a. Kalmar kotu ce sosai. Ma'anarta riƙe wanda ya riga ya yunƙuro, kamar yadda ake rirriƙe mai faɗa a bakin kasuwa yana fizge-fizge. Haka kotun ma'aikata ta yi wa ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, kan yajin aikinta a Satumba 2022. Kuma ku lura, da ASUU ta koma aji a Oktoba bayan wata takwas, suspend ta ce. Mu a Hausa muka yi ta cewa ta janye yajin aiki, alhali jinginewa ta yi.

Alhaji Ɗanlami: Wannan laifinmu ne masu fassara, na amsa. Sauri ke sa mu. Wadda ta fi damuna ita ce "haramta". Da aka hana acaɓa a Kano a Janairu 2013, an yi ta cewa an haramta, har wani dattijo a unguwarmu ya tare ni yana tambaya ko hawa babur ya zama zunubi. Ita kalmar ban ta Turanci ba ta da wannan nauyin na addini.

Kabiru: To na ji bambancin suspend da ban. Amma restrain da suppress fa, ai duk riƙewa ne.

Malama Rabi: Mutum biyu za su iya restrain ɗin mahaukacin sa da igiya, yana raye yana huci. In aka ce an yi suppress ɗin zanga-zanga kuwa, ka tambayi asibiti. Turo min jimlar da ƙanwar taka ta kasa mu gani.

Kabiru: Ta farko: The soldiers were sent to ____ the rebellion. Na ce ta saka hinder.

Barista Auwal: Wato an tura bataliya guda ta je ta ɗan ɓata wa 'yan tawaye lokaci.

Nafisa: Yaya Kabiru, a nan kam na sauka daga motarka. Ka saya wa yarinya tsire ka ba ta haƙuri.

Kabiru: Tsire zan saya. Amma biyun da ta ci ɗin, ku sani ni na zaɓa mata su.